Dafodil: Yadda Ake Binne Albasarsa Ya Riƙa Fure Duk Shekara

Duk wanda ya zauna a Ingila ko Holand a watan Maris ya san furen nan ruwan ɗorawa mai baki kamar na kakaki, wanda ke cika gefen titi tun sanyi bai gama tafiya ba. Mutanen Wales sun ɗauke shi furen ƙasarsu, har suna maƙala shi a ƙirji ranar 1 ga Maris. 'Yan'uwanmu mazauna can, ko da tukunya ce kawai a baranda, za su iya shuka shi. A Kano ko Zinder kuwa ba ya yi, domin sai ya sha sanyi na mako 12 zuwa 16 kafin ya yi fure.

Ba iri ake yafawa ba, albasarsa ake binnewa. A kula sosai: kamar albasar miya take, amma tana da dafi. Wanda ya ci zai yi ta amai da gudawa. Kada a ajiye ta a kicin, kada a bar ta inda yara za su kai hannu. Ruwan jikinta kuma yana sa ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu. Wannan dafin ne ya sa ɓera da kurege ba sa tone ta.

Lokacin shuka Satumba ne zuwa Oktoba, ƙasa na da sauran ɗumi, saiwa ta kama kafin hunturu. A zaɓi albasa mai ƙwari da nauyi. Wadda ta yi laushi a gindi ta fara ruɓewa, a yar da ita. Wurin ya zama mai samun rana, wanda ruwa ba ya kwanciya. In ƙasar laka ce, a gauraya ta da tsakuwa da ruɓaɓɓen taki.

Zurfin rami ya kai tsawon albasar sau uku, wato kamar santimita 15 ga manya irin su Carlton, santimita 10 ga ƙanana irin su Tête-à-tête. Tsinin sama, gindin ƙasa, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu. Mutane na yawan gajarta ramin saboda haƙa na da wuya. Shekarar farko ba za a ga illar ba, tunda furen yana cikin albasar tun daga shago. Daga shekara ta biyu sai ta rarrabu ƙanana-ƙanana, ganye ya fito shar, fure babu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan furen ya bushe. A tsinke kansa don kada ƙarfi ya tafi wajen yin iri, amma ganyen a bar shi aƙalla mako 6, har ya yi rawaya da kansa. Kada a yanke, kada a ƙulle shi don wurin ya yi tsaf. A wannan lokacin ne ganyen ke tara abincin da zai zama furen baɗi. A ba shi takin ruwa na tumatir, mai yawan fotash, duk mako biyu, a yi ban ruwa in an yi fari.

Akwai wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma da ke yin ƙwai a gindin ganyen wajen Mayu da Yuni, tsutsarsa ta shiga ta cinye cikin albasar. Idan ganyen ya mutu, a toshe ramin da ya bari da ƙasa, don kada tsutsar ta samu hanyar shiga.

Bayan shekara 4 ko 5, in furen ya ragu, cunkoso ne. A tone su da zarar ganye ya bushe, a raba, a sake binnewa da tazara.