Tagumin Likita Gachet

Da sanyin safiya na tsallaka kogin Seine na shiga layi a ƙofar gidan tarihi na Orsay a Paris, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan zane-zane a 1986. Hoton mutum ɗaya ya kawo ni: Likita Paul Gachet, wanda shahararren mai zane Vincent van Gogh ya zana a watan Yunin 1890, lokacin da likitan ke yi masa magani.

Ina ganinsa na ce a raina, ai tagumi ne. Ya jingina kuncinsa da hannun dama, gwiwar hannun a kan jan tebur, jikinsa duk ya karkace gefe guda. A gidanmu in yaro ya rafka tagumi haka, kaka ce ke zuwa ta cire masa hannun ta ce, "Me aka yi maka?" Na fi minti ashirin a tsaye, mutane na ɗaukar hoto da waya suna wucewa, ni kuwa tambayar nan nake ta yi masa.

Rigarsa shuɗiya ce, bayansa ma shuɗi, har idanunsa shuɗaye, kamar damuwar ta fita daga jikinsa ta rine ɗakin. Fuskar ta yi fayau a ƙarƙashin 'yar farar hularsa. Wajen hannunsa na hagu akwai reshen wani fure da ake haɗa maganin ciwon zuciya da shi. Da shi mai zanen ya nuna sana'ar mutumin, amma a idona likitan ne ya fi kowa buƙatar maganin. Shi da ya rubuta kundin digirinsa a kan ciwon baƙin ciki, matarsa kuma ta rasu tun 1875. Van Gogh ma ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa likitan bai fi shi lafiya ba. Mara lafiya ne ya kalli mai yi masa magani ya gane ciwonsa, ya zana shi da tausayi.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Auvers-sur-Oise, inda aka yi zanen. Kimanin kwana 70 kacal Van Gogh ya yi a garin, ya rasu ranar 29 ga Yulin 1890. Na haura maƙabarta ta tsakiyar gonakin alkama. Kabarinsa da na Theo suna jere a jikin katanga, ganye mai yaɗo ya lulluɓe su duka biyun. Na zauna kusa da su har iska ta fara kaɗawa, sannan na gangara tasha.