Kafin a miƙa wa ma'aikaci takardar sallama

Tun da na fara ɗaukar mutane aiki, babu abin da ya yi mini nauyi kamar sallamar ma'aikaci. Akwai wani da fashin zuwa aiki ya zame masa jiki, har abokan aikinsa suka fara guna-guni cewa su ke ɗauke da nauyinsa. Shugaban sashensa ya so a kore shi a ranar. Na ce a dakata tukuna.

Abin da ya tsayar da ni shi ne Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka zartar a 1982. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, don haka dokar ƙasarka ce abin dubawa na farko, amma dokoki da yawa kan turbarta suke. Ta ce dole a samu dalili ingantacce: ko gazawar ma'aikaci, ko halinsa, ko buƙatar kamfani. Ta kuma ce kada a sallami mutum kan zargi sai an ba shi damar kare kansa.

Muka rubuta masa takardar neman ba'asi, da ranakun da bai zo ba ɗaya bayan ɗaya, muka ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Ranar zama ya zo da wakilin ƙungiyarsu ta ma'aikata, aka sa wani ya riƙa rubuta duk abin da aka faɗa.

A nan na ga amfanin sauraro. Wasu daga cikin ranakun ashe yana kwance ne, ga takardar asibiti a hannunsa. Yarjejeniyar ta fito fili cewa rashin zuwa na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne, kamar yadda juna biyu, addini, shiga ƙungiyar ƙwadago ko kai ƙarar mai kamfani ba dalili ba ne. Da mun haɗa waɗannan ranaku cikin laifinsa, da mun zalunce shi, kuma da hujjarmu ta raunana gaban alƙali. Muka cire su. Sauran ba shi da uzuri, sai aka ba shi gargaɗin ƙarshe a rubuce, ya sa hannu.

Bai gyara ba, kuma hakan ya dame ni, don mutum ne mai iyali. Da muka yanke shawarar rabuwa, na zauna da akanta muka lissafa haƙƙinsa: albashin kwanakin da ya yi, kuɗin hutun shekara da bai ci ba, da kuɗin wa'adin sanarwa, wato abin da ake biyan ma'aikaci a madadin sanar da shi sallama tun da wuri, tunda laifinsa bai kai irin wanda ake kora nan take ba. Aka biya shi kafin ya fita, aka haɗa masa da takardar shaidar aiki da zai nuna a gaba.