Allurar mura: wa ya kamata ya neme ta?

Hunturu ya shigo Zariya, kowa ka gani daga Samaru har Tudun Wada da majina da tari, masu kyamis kuma kakarsu ta yanke saƙa. Shi ya sa nake so mu yi maganar allurar rigakafin mura, don da yawa in ka ambata sai a yi dariya, wai mura har sai an yi mata allura? Citta da kanumfari da lemun tsami ai sun isa.

To ba wannan 'yar murar ta atishawa da yoyon hanci ake nufi ba. Infuluwenza ake wa allurar, wadda take kayar da mutum farat ɗaya, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an yi maka duka, mu nan galibi sai mu ce maleriya ce mu je a haɗo mana magani har da amoksil, alhali ƙwayar bairos ce, antibayotik ba ya mata komai. Hukumar lafiya ta duniya WHO ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma yawanci ta hanyar ciwon huhu take kai mutum, musamman tsofaffi.

Allurar tana aiki? Tana yi, amma fa kar wani ya ce maka ɗari bisa ɗari ne. Ƙwayar tana sauya kama kusan kullum, shi ya sa WHO ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta zaɓi irin da ake ganin za su yaɗu sannan kamfanoni su haɗa. In hasashen ya dace, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, in bai dace ba ƙasa da haka. Ni dai a ganina rabi ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo mai ciwon suga ko asma, balle wanda aka yi wa ko ya kamu ciwon yakan zo da sauƙi, ba lallai sai an kai ga ba shi gado a asibitin koyarwa na Shika ba. Kuma duk shekara ake sabuntawa, ta bara ba ta wadatar.

Sai batun tsoro, kuma ba na ganin laifin mutanenmu, abin da ya faru da yara a Kano a 1996 lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan masu sanƙarau ba a manta ba, duk da dai shi magani ne ba rigakafi ba. Amma ita wannan tun shekarun 1940 ake yin ta, miliyoyin mutane ke karɓa duk shekara. Babu rayayyiyar ƙwaya a cikin wadda ake yi a dantse, ba za ta sa maka mura ba. Abin da za ka ji, hannu ya yi tsami, wataƙila ɗan zazzaɓi da kasala kwana ɗaya ko biyu. Masu cewa "ana yi min na kwanta", sati biyu take ɗauka kafin ta fara kariya, mai yiwuwa ka riga ka kwaso, ko kuma wata ƙwayar ce daban. Akwai wata lalurar jijiya da ake gani, amma kamar mutum ɗaya ko biyu ne a miliyan, ita kanta murar ma tana jawo ta. Wanda ya taɓa samun mummunar alaji da allurar dai ya gaya wa likita tukuna.

Matashi mai jini a jika in ya ce ba ya so, ba zan tsaya musu da shi ba. Waɗanda nake ji su ne masu ciki, tsofaffi, masu sikila, masu ciwon zuciya ko ƙoda, ma'aikatan asibiti, da yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Mai ciki ma in an yi mata, kariyar na bin jariri watanninsa na farko. Sai maniyyata, don Saudiyya tana ba alhazai shawarar su yi ta, duk mun san tarin da ake dawo mana da shi daga Makka.

Matsalar ɗaya, ba ta cikin alluran yara da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi, sai ka tambaya a manyan asibitoci ko na kuɗi, kuma da aljihunka. In ka samu ka duba ta wace shekara ce, ka tabbatar daga firij aka ciro ta, don da wannan wutar tamu kam sai an sa ido.