Tukuicin mai kawo abinci: hannu da hannu ya fi

A gidajen cin abinci na Maraɗi babu wata doka da ta wajabta wa mutum ya ba mai kawo masa abinci tukuici, domin kuɗin da aka faɗa masa shi ne kuɗin abincin gaba ɗaya. Wannan ya bambanta da Amurka, inda ake sa ran a ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, saboda albashin ma'aikatan ya dogara da hakan. A Faransa kuwa kuɗin hidima yana cikin lissafin tun farko.

Duk da haka, ina ganin wanda ya ci shinkafa da kaza na jika biyu, aka yi masa hidima da fara'a, bai kamata ya tsaya jiran canjin dala ashirin ba, musamman da yake ƙananan kuɗi suna wuyar samu a garin nan. Ya isa ya ce, "Ɗan samari, riƙe sauran ka sha ruwa," ba tare da ya ɗaga murya don na kusa su ji ba.

Maganar biya da katin banki kuwa gajeruwa ce, domin wuraren da suke da na'urar karɓarsa kaɗan ne, kuma ko inda take, sai intanet ya yarda. Biya ta waya, kamar Airtel Money, ya fi yaɗuwa, amma kuɗin lambar mai gidan suke shiga, ba aljihun yaron da ya yi ta kai da kawowa ba. Shi ya sa nake biyan abincin ta duk hanyar da ta samu, tukuicin kuwa in miƙa shi da tsabar sefa.