Asabar, jita a buɗe a kan tabarma

Fikof ɗin da na yi wata biyu ina jira, wato ɗan abin da ke ɗauko sautin tsirkiyar jita ya kai amfilifaya, ya iso jiya da daddare, Yaya ce ta taho min da shi. Barcin kirki ban yi ba. Ana idar da sallar asuba na shimfiɗa tabarma a soro, na kifa jar jitar a kan bargo, na kwance murfin bayanta.

Tun da na saye ta a gwanjo ban taɓa leƙa cikinta ba. Na zaci abin da na saba gani zan tarar, wato maɓallai huɗu, wayoyi sun bi ta nan sun bi ta can, ga dalma dunƙule a bayan kowanne. Sai ga fanel kore shar irin na cikin rediyo. Maɓallan ƙara biyu da na murya biyu duk a kansa aka dasa su, kowane fikof kuma da ɗan soket ɗinsa mai baki biyar da ake cusawa. Sabon nawa kuwa, Seymour Duncan JB, wayoyi ne tsirara: huɗu masu launi da guda marar riga.

Dabarar da ta zo min ita ce in yanke soket ɗin tsohon da ɗan tsawon waya, in liƙa sabon a jikinsa, fanel ɗin ban taɓa shi ba. Haka na yi. Ja da ja, baƙa da baƙa, kore da kore, fara da fara. Na ɗora mita mai auna turjiyar waya ta nuna wajen kilo'om 16, tsohon kuwa 8 da ɗoriya yake bayarwa. Daɗi ya kama ni har na ba Auta kuɗin ƙosai ba tare da ya tambaya ba.

Da na jona amfilifaya na kaɗa tsirkiya, sai murya ta fito siririya kamar ta mai mura, ga wani ƙugi a ƙarƙashinta da ba ya yankewa.

A haka Kawu ya shigo ya same ni. Bai ko gama zama ba ya ce, "Sake kaɗawa." Na kaɗa. Ya karkata kai ya yi shiru, sannan ya ce, "Naɗi biyu ne a cikin abin nan, ko?" Na ce e. Ya ce, "To faɗa suke da juna. Ka juya ɗaya."

Gaskiyarsa. Irin wannan fikof naɗin siririyar wayar tagulla biyu ne kusa da juna, maganaɗisun ɗaya na fuskantar akasin na ɗayan. In an haɗa su daidai, ƙugin wutar lantarki da kowanne ya kwaso sai ya kashe na ɗan'uwansa, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Wani injiniya, Seth Lover, ne ya ƙirƙiro wa kamfanin jita na Gibson shi a 1955, aka fara sa shi a jikin jitarsu samfurin Les Paul a 1957. Ni na san wannan a karance, Kawu bai taɓa jin sunan mutumin ba. Da kunne kawai ya gane, don ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a Sabon Gari. Kuskuren nawa shi ne na ɗauka launi ɗaya ma'ana ɗaya. A tsarin Seymour Duncan baƙa ce ke ɗauke da sauti, kore ta tafi ƙasa, wato layin "earth", a ɗaure ja da fara. Tsohon nawa tsarin Gibson yake bi: ja ce mai sauti, baƙa ƙasa, kore da fara a ɗaure. Mita ba ta isa ta tona wannan ba, ita dai muddin hanya a buɗe take lamba ɗaya za ta nuna maka.

Har nan lafiya lau. Sai ya ce in miƙo masa ƙarfen dalma. Na miƙa. Ya ɗaga jitar zuwa hasken ƙofa, ya matso da ita kusa da fuska, ya ja ta baya, ya sake matsowa. Ya daɗe yana yi. Sannan ya ajiye ƙarfen ya ce, "Cire wannan koren abin ka yar. Ka sayo maɓallai huɗu masu kilo'om 500 da kafasito biyu, in haɗa maka da waya yadda ake yi. Abin da hannu bai ƙulla ba, hannu ba ya iya kwance shi."

Na ce, "Kawu, ai fanel ɗin lafiyarsa ƙalau. Wutar ba ta san ko ta waya ta bi ko ta layin tagulla ba."

Ya ce, "Ranar da maɓalli ɗaya ya mutu fa?"

Nan ma yana da hujja, don cire maɓalli daga jikin fanel aiki ne, zafi ya ɗan yi yawa layin tagullar ya ɗago. Amma ni hankalina na kan in ji sautin sabon abu, sai bakina ya riga ni. Na ce, "Kawu, zamani ya wuce nan. In ya mutu Auta zai kai min Farm Centre, yaran da ke gyaran waya minti goma ya ishe su."

Bai ce komai ba. Ya ɗauki tsohon fikof ɗin da na guntule wa waya, ya jujjuya shi a tafin hannu, yana shafa gindin da babban yatsa. Can ya tashi, ya ce zai leƙa Umma.

Sai da ya fita na lura tabarau ɗinsa na nan a aljihun gaban riga, bai ciro su ba sam. Umma ta faɗa min tun watan jiya cewa sun daina yi masa amfani, ni ne ban riƙe maganar ba. Layukan fanel ɗin nan kamar zare suke. Maɓalli mai faɗin kwabo da waya mai kauri kuwa ko da laluben yatsa zai iya haɗa su. Mutumin da ya riƙe min hannu ranar da na fara narka dalma ina ɗan shekara 12, ya ce zai yi min aiki, na tura shi ga yaran kasuwa.

Bayan azahar na sake haɗin. Baƙar sabon ta tafi gurbin ja, korensa da marar rigar suka tafi ƙasa, na ɗaure ja da fararsa tare, na naɗe kowace da salatif. Ƙugi ya ɗauke ɗif. Sautin ya yi kauri yadda nake so, ya ma fi.

La'asar aka ɗauke wuta. Gwajin kiɗan da muka shirya da su Oga ya koma Talata. Tuwo da miyar kuka, ban ci da yawa ba.

Baƙar jitar da ke rataye a ɗaki maɓallin ƙararta na ƙarƙar tun bara, kuma ita duk wayoyin hannu ne a cikinta. Gobe bayan hantsi zan kai masa ita gida. Ina ta juya yadda zan buɗe maganar don kada ya ga kamar lallashi na zo yi.

Tsohon fikof ɗin ban gan shi a kan tabarma ba da nake tattara kaya. Ina jin da shi ya tafi.