Napoli, inda sunan Esposito ya samo asali

Daga Rum na hau jirgin ƙasa mai gudu, awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga ni a Napoli, a kudancin Italiya. Tun daga bakin tasha na fara cin karo da sunan a allunan shaguna da ƙofofin gidaje: Esposito. Babu sunan dangi da ya kai shi yawa a garin, kuma asalinsa na zo gani da idona.

Da ƙafa na shiga unguwar Forcella, lunguna matsattsu, shanya a saman kai, babura na wucewa kamar za su goge mutum. A nan cocin Annunziata yake, haɗe da gidan renon jarirai da ya faro tun ƙarni na 14. A bangon da ke kallon titi akwai wata 'yar taga, yanzu an toshe ta. Ta ciki kuwa wata ganga ce ta katako mai juyawa. Uwar da talauci ko gudun abin kunya ya ci ƙarfinta sai ta lallaɓo, ta sa jaririn a ciki, a juya, masu reno su karɓa ba tare da an ga fuskarta ba. Su yi masa wanka da baftisma, su rataya masa 'yar lambar darma a wuya. Mutanen gari na ce musu 'ya'yan Maryamu. A rajista kuwa Esposito ake rubutawa, daga kalmar Latin mai nufin wanda aka ajiye a waje.

Na daɗe a tsaye gaban gangar nan, zuciyata ta karye. Wasu iyayen sukan cusa rabin tsabar kuɗi ko rabin hoton wani waliyyi cikin zanin goyon, su riƙe ɗaya rabin, ko Allah zai sa wata rana su dawo su haɗa, su karɓi ɗansu. Wadda ta yi haka ba rashin so ne ya kawo ta wurin ba.

Sunan ya zama tambari, duk inda yaro ya faɗe shi an san ɗan tsintuwa ne. Shi ya sa a 1811 Sarki Murat na Napoli, mijin ƙanwar Napoleon, ya hana a ci gaba da laƙaba wa yaran shi, kuma a ganina ya kyauta. Tagar ba a rufe ta ba sai 1875. Sauran birane ma da irin nasu sunayen na 'ya'yan tsintuwa: Proietti a Rum, Innocenti a Filorens, Colombo a Milan.

A cikin waɗanda aka ajiye a gangar akwai Vincenzo Gemito, a 1852, wanda ya zama shahararren mai sassaƙa. Da yamma na gangara dandalin Plebiscito, na nemo mutum-mutumin Sarki Carlo na Biyar da ya yi, yana nan cikin jerin sarakunan da ke gaban tsohuwar fada.