Ma'aikaci ɗaya, aikin mutum huɗu

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara a jihar Maraɗi, ƙaramar likitar ƙauye kan cika tun da asuba. Tun 2006 Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, iyaye mata kuwa suna zuwa. Hannun da zai karɓe su ne ya yi kaɗan.

Malamin jinya guda shi ne mai awon nauyi, mai gwajin jini, mai rubutu a rajista, mai allura. Nan ɓarna take shigowa. Gwajin jini na gaggawa na gano zazzaɓin ana karanta shi bayan minti 15 zuwa 20. In an bar shi ya wuce awa, layin ƙarya mai nuna akwai cutar na iya fitowa. Allurar artesunate, maganin zazzaɓin in ya yi tsanani, sau uku ce a kwanan farko: nan take, bayan awa 12, bayan awa 24. Ta tsakar dare ita ke kuɓucewa, don ma'aikacin da ke aikin daren shi ne wanda ya wuni tsaye. Wannan yana ci mini rai.

Kafin a turo ƙarin ma'aikata, a koya wa ƴan sa-kai awo da duba zafin jiki, su kuma zaƙulo mai jijjiga ko wanda ya ƙi nono daga layi, a fara da shi.